Saukowar Inna Tabawa Daga Dutsen Kurmisa

Godiya ta tabbata ga Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya kafa duwatsu, Ya ba yaro gudu Ya ba tsoho sanda. Bayan haka, ku gyara zama ku ba ni aron kunnuwanku, ni Mantau ɗan Gagare, magini jikan magina, in ba ku labarin abin da idona ya gani kuma ƙafata ta taka a Birnin Kurmisa, can bayan Filin Gishiri, inda ayari ba ya zuwa sai in ya ɓata.

Ina da shekara arba'in da ɗaya wani falke ya sauka a garinmu, ya ce ya ga birnin da aka sassaƙa a jikin dutse, mai matakala dubu da ɗari uku daga gindi zuwa ƙoli. Ni kuwa a lokacin babu abin da nake so a gini kamar tsawo. In na ga soro, sai in ji ina ma a bar ni in ɗora masa wani. Na ce lallai sai na je na koyo sirrin masu wannan aiki. Na ɗaura wa jakina kayan aiki da dogon tsani, na yi sallama da gida, na kama hanya.

Wata biyu ina tafiya kafin na isa Filin Gishiri. Fari ne fat, ba itace ba tsuntsu, kuma abin da ban sani ba shi ne gishirin ɓawo ne kawai, a ƙarƙashinsa taɓo ne mai haɗiye raƙumi da kayansa. Ran kwana na uku da tsakar rana na ji ƙas! sai ga ni a taɓo har gwiwa, jaki yana kuka a bayana. Duk motsin da na yi sai in ƙara nutsewa. Da taɓo ya kai mini ƙugu, Allah Ya ba ni dabara. Na jawo tsanin nan na kwantar da shi a kan ɓawon, na kwanta rub da ciki a kansa, na zare ƙafafuna ɗaya bayan ɗaya, taɓo ya riƙe takalmana ya sake ni. Haka na riƙa jan ciki a kan tsani, in na kai ƙarshensa in mirgina in tura shi gaba, jakin da na rage wa kaya yana bina a hankali, har muka taka ƙasa mai ƙarfi. Da ni da shi muka fito kamar an tsoma mu a tukunyar baba ta marina.

Bayan kwana shida na tsaya a bakin wani tafki mai faɗi, ga Dutsen Kurmisa a gabana, gidaje sun manne a jikinsa tun daga ruwa har cikin gajimare. A gaɓar tafkin na ga abin da na ɗauka rumbuna ne aka jera, sai ɗaya ya miƙo wuya ya dube ni. Kunkuraye ne, kowanne ya kai girman rumbun hatsi, masunta suna shanya taru a bayansu ba wanda ya damu.

Na nufi gindin matakalar ina ta mamakin kyan aikinta, sai ga wani ƙato yana saukowa, gumi yana zuba, goye da wani tsoho mai farin gemu. Ya dire tsohon a hankali, ya dubi kayan da ke kan jakina, ya riƙe baki.

Ya ce, "Bawan Allah, ba dai magini ba ne kai?"

Na daki ƙirji na ce, "Magini jikan magina."

Ya ce, "Wayyo! Da ka ce wanzami. Sunana Ƙosau, ni ma da wannan bakin na shigo garin nan shekara huɗu da suka wuce."

Kafin in tambaye shi ma'anar maganarsa, dogarai biyu sun tsaya a kaina. Suka tasa ni gaba har fada, wadda ke tsakiyar dutsen, muka hau matakala ɗari shida ina haki.

Sarki Nomau mutum ne mai fara'a, ya haura saba'in, amma a garin nan yaro ake ɗaukarsa. Shi ya warware mini zancen. A ƙolin dutsen akwai wani marmaro, wanda duk ya tashi da shan ruwansa yakan kai shekara ɗari da ashirin da hankalinsa. Saboda marmaron kakanninsu suka gina birnin a sama. Amma ruwan nan, tsawon rai yake bayarwa, ba ya gyara gwiwa. Masu ƙarfi sun gangara bakin tafki inda kasuwa da gonaki suke, tsofaffi kuwa, waɗanda sun fi rabin garin, sun maƙale a sama, wasu sun shekara ashirin ba su wuce ƙofar unguwarsu ba.

Sarki ya ce, "Dokarmu ita ce, duk maginin da ya shigo, sai ya nemo mana yadda tsoho zai sauka ya hau ba a goye ba. Kana da wata biyar, zuwa ruwan farko. In ka kasa, ka shekara bakwai kana goyon tsofaffi kamar su Ƙosau. Kuma kai ne na ƙarshe, na gaji. In ka kasa, zan kwaso tsofaffin duka in zuba su a bukkoki a fili, ko suna so ko ba sa so."

Na faɗi na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Na yi tunani irin na mai ƙarfi. Na kafa wani gungume mai juyawa a bakin ƙolin dutsen, na sa aka tufka igiya mai kaurin hannu, aka saƙa kwandon da zai ɗauki mutum a zaune. Wata biyu aikin ya ci. Ranar gwaji na shiga kwandon da kaina, Ƙosau da 'yan'uwansa magina biyu suna sakin igiya. Na yi ƙasa kamar gaba ashirin, sai igiyar ta zame ta cije a gefen gungumen. Na tsaya cak a sararin Allah, ƙasa tana can nesa, shaho yana wucewa ta ƙarƙashina.

Ina cikin salati sai na ji an buɗe taga kusa da ni. Wata tsohuwa ta leƙo, 'yar firit, idanunta kamar na yarinya.

Na ce, "Salamu alaikum."

Ta ce, "Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Shekara ɗari da goma sha bakwai ina karɓar baƙi, ban taɓa yin wanda ya zo ta taga ba. Kai ne maginin?"

"Ni ne, Inna."

"Wannan ne abin da ka yi mana?" Ta ƙare wa kwandon kallo. "Ɗan nan, ni buhun gero ce?"

Ta sa ƙugiyar sandarta ta jawo kwandon jikin tagar, ta miƙo mini ƙwaryar fura. Ita ce Inna Tabawa, ungozomar garin, wadda rabin mutanen Kurmisa a hannunta suka faɗo duniya. Tun hantsi har la'asar ina rataye, su Ƙosau suna fama da igiya, ni kuwa ina shan karatun da ban samu wurin ubana ba.

Ta ce, "Kai kana tsammani tafkin nake kewa? Ga shi can, kullum ina hangensa. Hanyar nake kewa. Da, in aka kira ni karɓar haihuwa, kafin in kai ƙasa na gaisa da gida talatin, na ji wanda ya yi aure da wanda ya yi faɗa, na ɗanɗana miyar gida uku. Sau ɗaya na yarda aka goya ni, tun daga sama har ƙasa ƙeyar mutum kawai na gani. Na rantse ban ƙarawa."

Sannan ta ce tana da ƙane a bakin tafki, Shekarau, tsohon masunci, idonsa ya rufe. Shi ma ya ƙi goyo, taurin kansu ɗaya. Shekara goma sha biyu ke nan sai dai aike.

Na ce, "To Inna, dutse mai tsayi haka, ta ina mutum zai bi in ba matakala ba?"

Ta ce, "Ka taɓa ganin kunkuru a kan matakala? Ina yarinya, duk bazara sai sun hau har marmaro sun yi ƙwai a yashin wurin. Har hawa bayansu muke yi. Ban san abin da ya hana su zuwa yanzu ba."

Ana zaro ni, ban tsaya ko shafa ƙafata da ta yi tsami ba, na gangara tafki. Bazara ta shigo, kunkuraye sun fara motsi. Na zaɓi wata tsohuwa a cikinsu mai tsagaggen ƙoƙo, na ɗaura mata buhun farar ƙasa a baya, na huda shi kaɗan. Ta kama hanya, farin zare yana binta, ni ina bin zaren. Ba ta doshi dutsen kai tsaye ba. Ta bi ta gefe, ta zaga bayan wani falalen dutse, ta kutsa cikin sarƙaƙiya, ta lanƙwaso ta dawo, kullum tana hawa amma ba ka jin hawan. Da na share ciyawa da ƙafata, sai na ga dutsen ya yi santsi ya lotsa, sawun cikin kakanninta ne na shekaru aru-aru.

Ran kwana na huɗu zaren ya tsaya a gindin wata doguwar katanga. Na tarar da kunkuraye goma sha ɗaya sun jera, kowanne ya kafa kai a jikin katangar, shiru, suna jira. Katangar lambun fada ce, mahaifin Sarki Nomau ya gina ta a kan hanyarsu.

Na je na faɗi gaban Sarki na roƙi a fasa ta. Fara'arsa ta ɗauke. Ya ce rumman da lemon da ke ciki ubansa ya dasa da hannunsa, kuma in na sake ambatar katangar nan, goyo zai fara a ranar.

Na hau wurin Inna Tabawa na gaya mata. Ta ɗaura ɗankwalinta tamau, ta ce, "Je ka gyara kwandon nan naka. Sau ɗaya zan zama buhun gero."

Washegari da hantsi Sarki yana zaune a inuwar rumman da fadawansa, sai inuwa ta rufe su. Suka ɗaga kai, ga kwando yana lilo a bisansu.

"Nomau!"

Fadawa suka zabura, don shekara talatin ba wanda ya kira sunan nan gatsau.

"Ni ce Tabawa. Ranar da ka zo duniya a juye ka zo, ƙafa ta riga kai. Yini guda ina lallaɓa ka har na samo maka hanya. Yau ni ke neman hanya, ka tare ni da katanga?"

Sarki ya miƙe tsaye yana cewa, "Inna, don Allah ki sauko mu yi magana."

"Ba na saukowa sai na ji ƙarar diga. In kuwa igiyar nan ta tsinke, a kan rawaninka zan faɗo, ka san abin da za ka gaya wa mutane."

Wani bafade ya kasa riƙe dariya, ta kuɓuce masa, sauran suka kama. Sarki ya dubi kwando, ya dubi katanga, shi ma ya tuntsire har da hawaye. Ya naɗe hannun riga ya ce a ba shi diga, shi ya fara sara. Kafin azahar an buɗe ƙofa gabas da yamma, kunkuraye suka shigo a jere, suka cinye kabewar Sarki kaf, suka fice ta ɗaya ƙofar suka nufi marmaro.

Saura wata biyu da rabi, ga hanya mai tsawon tafiyar rabin yini. Da ni da su Ƙosau kaɗai ne da ba mu gama ba. Amma labari ya bazu. Matasa suka faro daga ƙasa, tsofaffi suka faro daga sama, ashe a cikinsu akwai masassaƙa dutse da suka shekara talatin hannunsu yana ƙaiƙayi. A zaune suke aiki, suna waƙa, suna zagin junansu a kan wanda ya fi iya riƙe kurfin sassaƙa.

Na ajiye igiyar awona, Inna Tabawa ta zama ma'aunina. Kowace safiya sai ta taka sabon wurin da aka gyara, duk inda ta tsaya ta numfasa, in sa alama a gina dakali. Na farkon da na gina ta zauna, ta kasa tashi, sai da na ba ta hannu.

Ta ce, "Wannan tarko ne ba dakali ba. Ɗaga shi ya kai gwiwa, ka yi masa majingina da wurin dafawa. Kuma me ya sa ka jera su kamar masu jiran wanzami? Juya su su kalli juna, hira za mu yi."

Na ce zan dasa itatuwa don inuwa. Ta ce, "Dasa, jikoki su sha. Ni dai kafa mini rumfa yau." Muka kafa rumfuna, muka sa duma ya hau su. Ita ce ta ja ni gefe ta raɗa mini abin da ba wanda ya taɓa faɗa wa magini, cewa abin da ke tsare tsofaffi da yawa a gida ba gwiwa ba ce, tsoron fitsari ne a hanya. Muka gina makewayi a kowace kwanar hanya ta biyu, da randar ruwa a kowace rumfa. Na yi faɗin hanyar yadda mutum biyu za su jera jaki ya wuce su, na karta dutsen don kada ya yi santsi da damina, na ja guntuwar katanga mai sumul a gefen rami yadda hannu zai bi ta. Saboda irin su Shekarau da ba sa gani, kowace kwana muka dasa mata abin ƙanshinta daban, nan ɗoɗɗoya, can lalle, gaba na'ana'a, don hanci ya gaya wa mutum inda yake. Ƙosau kuwa, ba wanda ya sa shi, ya bi dakalan yana sassaƙa gurabun dara.

Ranar da muka haɗa aikin sama da na ƙasa, hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Sarki ya ce gobe Inna Tabawa za ta sauka da ƙafarta, kuma sai ta kai tafki kafin ruwa ya taɓa ƙasa.

Ta fito bayan sallar asuba da sabon zane, tsofaffi kamar ɗari uku a bayanta, sanduna suna ƙwas ƙwas a kan dutse. Na lissafa za ta kai da azahar. Ban lissafa gaisuwa ba. Kowace ƙofa sai ta tsaya. "Wannan ɗan wa ne? Kai, kamarsa ɗaya da kakansa!" A kwana ta biyar ta zauna cin ɗanwake. A lambun fada ta tsinki rumman ta ce ladan ungozoma ne. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa rumfuna.

Na matsa kusa na ce, "Inna, don girman Allah, hadari."

Ta ce, "Ɗan nan, shekara goma sha biyu ban gaisa da mutane ba, yau ka ce in yi sauri?"

Ƙosau ya raɗa mini, "Kada ka damu, zan koya maka yadda ake ɗaura majanyi."

Saura lanƙwasa ɗaya a kai gaɓa aka yi tsawa. A ƙarshen hanyar wani dogon tsoho yana tsaye, hannunsa a kan katangar dafawa, ya tako shi kaɗai daga bukkarsa. Ya ɗaga kai ya ce, "Wannan surutun na san shi. Yaya Tabawa ce."

Sai ga Inna ta cilla sandarta gefe. Wallahi da idona na gani, taku goma sha biyun ƙarshe da sassarfa ta yi su. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta ce, "Shekarau, ka tsufa!"

Ya ce, "Ke fa, Yaya? Muryarki kamar tsohuwar ƙofa."

Suka rungume juna suna dariya suna kuka, ƙafarta a kan yashin tafki, sannan ɗigon farko ya faɗo mini a goshi. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya gudu. Tsofaffi ɗari uku suka tsaya a cikinsa suna guɗa, wasu suka shiga rumfuna suka kafa dara, Sarki ya jiƙe sharkaf yana rawa da wata gyatuma da ta girme shi da shekara arba'in. Ƙosau ya kwance majanyin da ke ƙugunsa ya jefa a tafki. Bayan kwana uku Inna ta koma sama da ƙafarta, riƙe da hannun ƙanenta, ya je ya sha ruwan marmaro a bakinsa.

Na ƙara shekara biyu a Kurmisa. Muka dawo da kasuwa tsakiyar dutse, muka sassauta ƙofofin gidaje, muka cire dokin ƙofar masallaci da ke harɗe ƙafa. Da kewar gida ta kama ni, Sarki ya ba ni jirgin da zai zaga da ni ta ruwa, in kauce wa Filin Gishiri.

Ranar tafiyata Inna Tabawa ta ce sai ta raka ni. Na ce ta huta, ta harare ni. Muka sauko tare, muna tsayawa inda ta ga dama. A bakin jirgi ta sa mini albarka, ta danƙa mini ƙullin ƙuli-ƙuli, na durƙusa zan gode mata.

Ta ce, "Tashi, ɗan nan, kada ka ɓata mini lokaci. Akwai suna a kwana ta uku, daga nan in wuce gaisuwar mara lafiya, kuma na yi wa Shekarau alkawarin zan cinye shi a dara kafin magariba. Allah Ya kiyaye hanya."

Ta juya ta kama hawa, ba ta ko waiwayo ba. Jirgi ya yi nisa ina hangen jan ɗankwalinta, ya ɓace a wannan kwana ya ɓullo a waccan, ya tsaya a wata ƙofa.

Nan labarina ya tsaya. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Inda harshe ya zarce, ku yafe wa matafiyi. Allah Ya ba mu tsawon rai, Ya bar mu da ƙafafunmu.